Wushirya, haƙorin Makka da ma'aunin likitoci: Me ke sa murmushi ya yi kyau?

A unguwannin Fagge da Sabon Gari da ke birnin Kano, kamar a sauran manyan biranen Najeriya, aikin haƙori ya wuce batun cire wanda ya ruɓe ko cike wanda ya yi kogo.

A halin da ake ciki akwai masu zuwa da lafiyayyun haƙora suna neman a sauya musu fasali. Wasu na so a rufe musu wushirya, wasu kuma na neman a buɗe musu ita. Akwai masu son a jera musu haƙoran su yi fari fat kamar na taurarin da suke gani a Instagram da TikTok, akwai kuma masu son a sanya musu haƙorin Makka.

Dukkansu dai abu guda suke nema, wato murmushi mai kyau. Sai dai kusan kowane irin gyara daga cikin waɗannan yana cin wani abu daga jikin haƙori, kuma abin da aka kankare ba ya sake tsirowa.

Shin akwai wani ma'auni da likitoci ke bi wajen tantance kyawun haƙora? Kuma yaya wannan ma'auni yake idan aka ɗora shi a kan abin da Bahaushe ya sani da kyau?

Abin da aka gada

Bahaushe ya bambanta wushirya da giɓi. Giɓi rashi ne, domin haƙori ne ya fita ya bar gurbi. Wushirya kuwa ƴar siririyar tazara ce tsakanin haƙoran gaba guda biyu na sama, kuma ana lissafa ta cikin siffofin kyau tare da dara-daran idanu da dogon hanci. Marubutan littattafan soyayya na Kano ba su cika siffanta kyakkyawar budurwa ba tare da ita ba.

Wannan ra'ayi bai tsaya ga Hausawa kaɗai ba. Fagge tsohon zango ne na fatake da ke sauka a bayan ganuwa, yayin da Sabon Gari ya kafu a wajejen shekara ta 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, domin baƙi daga kudancin ƙasar da sauran sassan Afirka ta Yamma. Al'ummomin da suka haɗu a wannan yanki sun sha bamban a harshe da addini, amma Yarabawa, waɗanda ke kiran wushirya eji, da kuma Ibo, duk suna kallonta a matsayin ado.

A Amurka da galibin ƙasashen Turai kuwa, an daɗe ana ɗaukar wannan tazara a matsayin abin da ya kamata likita ya rufe, ko da yake Faransawa na yi mata laƙabi da haƙoran sa'a.

Ko a cikin al'umma ɗaya ma ra'ayi na sauyawa da zamani. Tsofaffi a Kano na iya tuna lokacin da mata ke goga furen taba a haƙora, su haɗa da goro, domin su yi ja. A wancan lokaci wannan shi ne kwalliya. A yau jikokinsu magungunan sa haƙori fari suke nema.

Abin da likita ke aunawa

Idan likitan da ya ƙware a wannan fanni zai duba murmushin mutum, hankalinsa na kan haƙora shida na gaba a muƙamuƙin sama: manya biyu na tsakiya, da biyu masu bi musu, sai kuma fiƙoƙi biyu.

Abu na farko shi ne layin tsakiya. Ana ƙaddara wani layi da ya sauko daga tsakanin gira, ya bi ta karan hanci da tsagar leɓen sama, sannan a duba ko ya faɗa daidai tsakanin manyan haƙoran biyu.

Na biyu shi ne daidaiton dama da hagu, wato kowane haƙori ya yi kama da takwaransa na ɗaya ɓangaren a tsawo da faɗi da launi. Wannan ya fi muhimmanci ga biyun tsakiya, saboda suna jere da juna kuma ido na kwatanta su nan take.

Na uku shi ne fasalin haƙorin kansa. A matsakaicin lissafi, babban haƙorin gaba na baligi yana da faɗin kimanin milimita 8.5 da tsawon kimanin milimita 10.5. Ke nan faɗinsa ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari na tsawonsa. Idan faɗin ya zarce haka da yawa haƙorin kan zama kamar akwati, idan kuma ya gaza sai ya zama siriri zalalo.

Har ila yau ana duba yawan dasashin da ke bayyana idan mutum ya yi dariya, da kuma yadda bakin haƙoran sama ke bin lanƙwasar leɓen ƙasa.

Ma'aunin zinariya

Fitaccen ma'aunin da ake yawan ambata shi ne wanda ake kira ma'aunin zinariya. Asalinsa lissafi ne da masanan tsohuwar Girka suka sani, inda ake raba layi gida biyu ta yadda babban yanki zai ninka ƙaramin sau 1.618.

A shekara ta 1973 wani likitan haƙori a Amurka, Richard Lombardi, ya tattauna yiwuwar amfani da shi a tsarin haƙora. A 1978 kuma Edwin Levin na Birtaniya ya faɗaɗa batun. Bisa wannan tsari, idan aka kalli mutum gaba da gaba, faɗin haƙori na biyu da ake gani ya kamata ya zama kashi 62 cikin ɗari na faɗin na tsakiya, fiƙa kuma kashi 62 cikin ɗari na na biyun.

Alal misali, idan na tsakiya milimita 8.5 ne, na biyu zai bayyana da faɗin kimanin 5.3, fiƙa kuma kimanin 3.3.

Lissafin ya samu karɓuwa saboda sauƙinsa. To amma da aka koma ana auna bakunan mutane na zahiri, sai aka ga ba haka halitta take ba. A wani bincike da Jack Preston ya wallafa a 1993, kashi 17 cikin ɗari ne kawai na waɗanda aka auna haƙorinsu na biyu ya dace da ma'aunin, kuma babu ko mutum ɗaya da fiƙarsa ta dace.

Daga baya, a 2001, Daniel Ward ya kawo wata shawara mai sassauci: a zaɓi kaso ɗaya da ya dace da tsawon haƙoran mutum, kamar kashi 70 cikin ɗari, a maimaita shi daga tsakiya zuwa gefe. Ma'ana dai, fuskar mutum da haƙoransa su ne za su ba likita ma'aunin da zai bi.

Akwai kuma wani abin lura. Akasarin waɗannan alƙaluma an tattara su ne daga bakunan Turawa da Amurkawa, alhali girman haƙori da faɗin muƙamuƙi da kaurin leɓe sun bambanta tsakanin al'ummomi.

Me idon jama'a ke gani?

Tambayar da ta fi shafar mai neman gyara ita ce: wane irin saɓani ne mutane ke lura da shi?

A 1999 Vincent Kokich da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil sun ɗauki hotunan murmushi, suka riƙa sauya su kaɗan-kaɗan da kwamfuta, suna nuna wa ƙwararrun masu jera haƙora, da sauran likitocin haƙori, da kuma gama-garin mutane.

Sakamakon ya nuna cewa ko da layin tsakiya ya goce da milimita 4, gama-garin mutane ba su ga aibinsa ba. Amma da haƙoran tsakiya suka karkata, suka tashi daga tsaye, dukkan rukunonin uku sun lura da wuri.

A wani bincike na biyu a 2006, wanda ya haɗa da tazarar tsakiya, an gano cewa ƙaramar wushirya ba ta dami kowa ba. Sai da ta kai kimanin milimita 2 kafin gama-garin mutane suka fara ganin ta rage kyau, kuma wannan a Amurka ke nan, inda ba a ɗauke ta ado ba.

Bisa ga dukkan alamu, ido ya fi damuwa da karkata da kuma bambanci tsakanin haƙora biyu maƙwabtan juna fiye da ƙananan alƙaluma. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wushirya ta halitta ba ta ɓata fasali: tana zaune a tsakiya, haƙoran da ke gefenta kuma girmansu ɗaya. A nan ra'ayin Bahaushe da ma'aunin likita ba su saɓa ba.

Buɗe wushirya da rufe ta

Wushirya kan zo ta hanyar gado, ko saboda muƙamuƙi ya fi haƙora faɗi, ko kuma saboda tantanin da ya haɗa leɓen sama da dasashi ya sauko tsakanin haƙoran.

A wurin yara masu famfara, tazarar da ake gani daga wajen shekara 7 galibi kan rufe da kanta idan fiƙoƙi suka fito a wajen shekara 11 zuwa 12, don haka ba a gaggawar taɓa ta.

Amma idan babban mutum ya ga wushirya ta ɓullo masa da rana tsaka, ko tana ƙara faɗi, hakan na iya zama alamar ciwon dasashi da ke cin ƙashin da ke riƙe da haƙora. Wannan na buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba.

Masu neman wushiryar kanti kuwa, ana yi musu ne ta hanyar goge gefen haƙoran biyu da zarto ko injin gurza. Ɓawon haƙori, wato farin rufin nan mai tauri, shi ne abu mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam, amma a gefen haƙoran gaba kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba. Mai son tazarar milimita 2 sai an cire masa milimita 1 daga kowane haƙori, wato kusan dukkan ɓawon da ke wurin.

Abin da ke ƙarƙashinsa ya fi laushi, kuma yana da ƙananan kafofi da ke kaiwa ga jijiya. Daga nan ne ake samun tsamin haƙori idan an sha ruwan sanyi ko shayi, sannan ruɓewa, wani lokaci har jijiyar ta mutu haƙorin ya yi baƙi. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a mujallar African Health Sciences ya tattara irin waɗannan matsaloli a tsakanin mutanen da aka yi wa wushiryar kanti a kudancin Najeriya.

Ko ta fuskar fasali ma akwai hasara. Haƙori mai faɗin 8.5 da aka mayar 7.5 ya sauko daga kashi 81 zuwa kashi 71 cikin ɗari na tsawonsa, kuma da wuya hannu ya goge biyun daidai wa daida. Wannan shi ne abin da masu iya magana ke kira garin neman gira a rasa ido.

Rufe wushirya ma yana da nasa lissafin. Idan tazarar ta kai milimita 3 aka cike ta da ƙarin abu a jikin haƙoran biyu kaɗai, kowannensu zai koma faɗin milimita 10, kusan daidai da tsawonsa, sai su fito fanka-fanka. Saboda haka ƙwararru kan fara matsar da haƙoran da waya, ko su raba tazarar a kan haƙora huɗu ko shida.

Hanyoyin gyara da abin da kowacce ke ci

Hanyar da ta fi kiyaye haƙori ita ce sanya wayar jera haƙora, ko kuma robar nan mai garai-garai da ake sauyawa lokaci zuwa lokaci. Tana ɗaukar shekara 1 zuwa 2 ko fiye, kuma bayan an cire sai an ci gaba da sa mariƙi, in ba haka ba haƙoran kan koma gidan jiya. Wayar ado da ake sayarwa ta intanet, wadda ake liƙawa ba tare da duban likita ba, na iya matsar da haƙora ta inda ba a so.

Hanya ta biyu ita ce liƙa wani farin ƙulli mai launin haƙori, a busar da shi da haske. Ba ta cika buƙatar gurza ba kuma ana iya gyara ta, sai dai tana rinewa, musamman ga mai cin goro ko yawan shan shayi.

Ta uku ita ce fallen tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori. Wani likita a jihar Kalifoniya, Charles Pincus, shi ya fara yin irinsa a 1928 domin ƴan wasan Holiwud, kuma a lokacin na ɗan lokacin ɗaukar fim ne kawai. Ya zama abin dindindin ne bayan da aka gano dabarun manna abu a jikin ɓawon haƙori, aikin da Michael Buonocore ya share wa fage a 1955.

Ta huɗu ita ce hula, wadda ke rufe haƙorin baki ɗaya. Wani bincike na Edelhoff da Sorensen a 2002 ya auna cewa falle kan ci kashi 3 zuwa 30 cikin ɗari na jikin haƙorin gaba, yayin da hula ke cin kashi 63 zuwa 72.

Wannan bambanci na da muhimmanci ga masu tafiya ƙasashen waje neman gyara cikin mako guda. A 2022 ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta ce kashi 86 cikin ɗari na likitocin da ta tambaya sun duba mutanen da suka samu matsala bayan aikin da aka yi musu a waje. Falle da hula duk suna da wa'adi, galibi shekara 10 zuwa 15, kuma wanda aka gurza wa haƙori yana da shekara 25 zai ci gaba da biyan kuɗin sauyi har tsufansa.

Haƙorin Makka

Haƙorin Makka na da matsayi na daban, domin ba a yi shi don ya saje da sauran haƙora ba. Shaida ce ta cewa mutum ya sauke farali, shi ya sa ake sanya shi a gefe guda inda zai haska idan an yi dariya. A al'ada mata kan sa na zinariya, maza kuma na azurfa. Wasu a Saudiyya ake sanya musu, wasu kuma bayan sun dawo gida.

Ta fuskar lafiya, hula ce ta ƙarfe da ake ɗorawa a kan lafiyayyen haƙori. Idan ba ta zauna daram a bakin dasashi ba, abinci kan maƙale a ƙarƙashinta, haƙorin ya riƙa ruɓewa a ɓoye, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari. Ƙarfen da aka gauraya da sinadarin nikel na iya jawo ƙaiƙayi da gyambo ga wasu, kayan aikin da ba a dafa ba kuma na iya yaɗa ciwon hanta.

Wanda ke ɗauke da shi kuma yana jin zafi, ko yana ganin jini idan yana asuwaki, ya kamata ya kai a duba abin da ke ƙarƙashi.

Matsayin addini

Malamai sun daɗe da tattauna wannan batu. A cikin littafin Shama'il na Imam Tirmizi akwai ruwayar da ta siffanta Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tazara tsakanin haƙoransa na gaba, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta.

A ɗaya ɓangaren kuma, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud tsinuwa a kan mata masu goge haƙora su yi wushirya domin ado. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa hanin ya rataya ne ga yin hakan don neman kyau, amma idan don magani ne ko kawar da wani aibi a haƙori, babu laifi.

Dangane da zinariya, wadda aka haramta wa maza yin ado da ita, malamai kan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yi wa izinin sanya hancin zinariya bayan na azurfa ya yi wari. Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano, ya sanya ɗaure haƙori da zinariya ko azurfa cikin abubuwan da aka togace wa namiji.

Kazalika a 2007 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a ƙasar Maleshiya, ta halatta tiyatar da ke gyara naƙasa ko mayar da gaɓa yadda take, ta kuma hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son rai kawai. A kan wannan rabe-rabe ne malamai da dama suka halatta sanya waya domin daidaita haƙoran da suka hau juna ko suka turo waje.

Wa ya kamata ya taɓa haƙori?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan dubu 3 da ɗari 5 na fama da cututtukan baki a duniya, kuma yankin Afirka na cikin waɗanda suka fi ƙarancin likitocin haƙori. Wannan ƙaranci ne ke bai wa masu aikin bayan fage kasuwa, lamarin da ƙungiyar likitocin haƙori ta Najeriya ta daɗe tana kokawa a kai.

A dokar Najeriya, sai wanda ke da rajista da hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ne ke da izinin yin aikin likitan haƙori. Masu ƙera haƙoran roba da huluna suna da tasu hukumar, amma aikinsu a ɗakin ƙira yake, bisa awon da likita ya aika musu.

A Kano akwai sassan haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, sannan Jami'ar Bayero na da tsangayar horar da likitocin haƙori, baya ga asibitoci masu zaman kansu.

Mai niyyar gyara yana da haƙƙin ya nemi ganin lasisin wanda zai yi masa aiki. Ya kamata kuma a fara duba dasashi da ɗaukar hoton haƙora, domin ado ba ya zama a kan haƙori mai girgiɗi. Likitoci da dama kan iya ɗora gwaji na wucin gadi a baki, mutum ya duba madubi ya ga yadda zai koma kafin a gurza komai.

Sannan akwai tambayoyi biyu da ya kamata a samu amsarsu tun kafin a hau kujera: nawa za a cire daga jikin haƙorin, kuma bayan shekara nawa za a sake wannan aiki.